Ina ake samun kebul mai araha kuma mai aminci don rumbun ajiya na waje?

Baban Ihsan:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema wurin masana. Sana'ata tace bidiyo ce a nan Zoo Road cikin Kano, finafinai da bidiyon biki da tallace-tallace. Kwamfutar da nake aiki da ita HP Z440 ce, tokumbo, kuma lafiyarta ƙalau. Damuwata tana wajen rumbunan ajiya na waje. Ina da ƙanana irin na aljihu guda uku, da babba ɗaya mai adaftar wuta, kwanan nan kuma na ƙaro SSD, wato rumbu maras faifai mai juyawa, ƙirar Samsung T7 na hannu wanda ya zo babu kebul. Kebul ɗin ƙananan duk sun tsufa, bakinsu ya saki. Na sayo sababbi masu araha, ɗaya yana kwafar fayil da wani irin jan jiki da ban saba gani ba, ɗayan kuma ana tsaka da aiki sai ka ji rumbun ya yi ƙit-ƙit ya ɓace daga kwamfuta. Wanda aka nuna mini a kwali aka ce shi ne orijinal, kuɗinsa ya ninka waɗancan sau da yawa, ni kuwa wajen shida nake buƙata. Ina mafita?

Autan Zaure:
Wa alaikumus salam Yaya. Ni dai a ganina waya waya ce. Ka sayi masu arahar da yawa ka ajiye, wanda ya mutu ka jefar ka ɗauko wani. Kwalin kawai ake sayar wa mutane.

Injiniya:
Auta, a wajen cajin waya wataƙila maganarka ta wuce, amma ba a nan ba. Baban Ihsan, matsala biyu ka faɗa, kuma kowacce da dalilinta daban. Bari in fara da mai jan jiki.

Ɗauko kebul ɗin, ka haska fitilar wayarka cikin faffaɗan kan da ke shiga kwamfuta. Za ka ga haƙora huɗu a gaba. Ka ƙara leƙawa can ciki. In na USB 3.0 ne na gaskiya, akwai wasu ƙananan haƙora biyar a baya, su zama tara ke nan. In huɗu kaɗai ka gani, USB 2.0 ne, ko da an rina robar cikinsa shuɗiya. Shuɗin roba ba shaida ba ce, kowa na iya rinawa. Akwai ma waɗanda haƙoran sun cika tara amma ba a haɗa biyar ɗin da komai a cikin wayar ba, waɗannan sai gwaji ne ke tona su.

Bambancin ba ƙarami ba ne. USB 2.0 tun shekarar 2000 yake, iyakarsa megabit 480 a daƙiƙa a rubuce, amma a aikace megabayit 35 zuwa 40 za ka gani (megabit takwas ne ke yin megabayit ɗaya). USB 3.0 ya zo a 2008 da gigabit 5. Rumbun aljihu mai faifai yana iya ba ka megabayit 100 zuwa 130 in ya samu hanya. Lissafa da kanka: terabayit ɗaya ta tsohuwar hanya wajen awa takwas ne, ta sabuwar kuwa awa biyu da ɗan abu. Ga mai aiki da janareta, awa shida ɗin nan mai ne ake ƙonawa a banza.

Maman Sudais:
Allah ya saka da alheri Injiniya. Ni ta biyun ce ta fi damuna, ɓacewar nan. Hotunan biki nake ɗauka a Kaduna. Akwai ranar da nake kwashe hotunan kamu da na ɗaurin aure, rumbun ya yanke a tsakiya, da na mayar sai kwamfuta ta ce wai sai na yi masa fomat. Jikina har rawa yake, don amarya ba za ta sake zama a yi mata wani kamun ba. Me ke kawo wannan ƙit-ƙit ɗin?

Injiniya:
Hajiya, yawanci yunwar wuta ce. Ƙaramin rumbu ba shi da adafta, ta cikin kebul ɗin nan yake samun wutarsa. Kafar USB 3.0 tana ba da bolt 5 da miliamfiya 900, ta 2.0 kuwa 500 ce. Lokacin da faifan zai tashi ya fara juyawa shi ne ya fi jan wuta. In jan ƙarfen da ke cikin kebul ɗin siriri ne, ko kebul ɗin ya yi tsawo, wutar na raguwa kafin ta isa. Kamar ban ruwa ne da siririn tiyo mai tsawo: famfo na kawowa da ƙarfi, amma abin da ke fita a ƙarshe bai kai ya kawo ba. Sai allurar da ke karanta faifan ta tashi ta koma, ta tashi ta koma, ƙarar da kike ji ke nan.

Shi ya sa masu ƙera rumbunan suke haɗo su da guntun kebul wanda bai kai rabin mita ba. Ba rowa ba ce. Mutane na raina shi su je su nemo mai mita biyu don ya isa kan tebur, daga nan matsala ta fara. Wasu kebul ɗin ana rubuta kaurin wayar a jikinsu, za ka ga lamba da haruffan AWG. Ƙaramar lamba ita ce waya mai kauri: 24 ta fi 28 kauri, kuma ta wuta ake so ta zama mai kaurin. Sannan a soka rumbu a kafofin bayan kwamfuta, waɗanda ke manne da bod, wato babban allon cikin kwamfutar, kai tsaye. Na gaba sai sun bi ta wata wayar a cikin akwatin tukuna. Abin raba kafa ɗin nan maras adaftar wuta kuwa, a nisanta shi da rumbu mai faifai.

Kuma duk wanda kwamfuta ta ce masa ya yi fomat, kada ya danna. Ya canja kebul da kafa tukuna. Rumbuna da dama da ake kawo mini a matsayin matattu, kebul kawai nake canjawa su tashi. In an canja an ba shi wuta isasshiya kuma ƙarar ba ta daina ba, to a kashe shi nan take, wannan ciwon na cikin faifan ne.

Maman Sudais:
Alhamdu lillahi ban danna ba, ƙanina ne ya hana ni. Hotunan sun fito, sai 'yan kaɗan da ake cikin kwafarsu lokacin da ya yanke.

Alhaji Mai Shago:
Salamu alaikum. Ni kayan nan nake sayarwa, don haka bari in faɗi tamu. Kullum laifin a kan ɗan kasuwa yake ƙarewa, amma mutum goma in sun shigo, tara tambayarsu ɗaya ce: wanne ya fi sauƙi? Ba wanda ke cewa wanne ya fi gudu. Mu ma a wajen sari kala-kala ake ajiye mana, kamanni ɗaya, farashi daban, kuma in ka ɗauko mai kyaun zalla zai kwana a kanta.

Baban Ihsan, ga shawarar da ba ta kawo mini riba amma ita ce gaskiya. Ka je wurin masu gyaran kwamfuta da masu cire bayanai daga matattun rumbuna, ko a Farm Centre ko a Beirut Road. Kowannensu yana da kwali ko aljihun tebur cike da kebul ɗin da suka zo tare da rumbunan da suka mutu. Rumbun ne ya mutu, kebul ɗin lafiyarsa lau, kuma na kamfani ne, gajere, mai kauri. Kuɗin da za su karɓa bai fi na jabun da ka saya ba. Ka duba bakin dai kada ya zama ya buɗe ko ya karkace.

Baban Ihsan:
Ranka ya daɗe, wannan ko kusa tunanina bai kai can ba. Na gode ƙwarai.

Abu Hafsa:
Ku yi haƙuri, ni ban gamsu da inda maganar nan ta dosa ba. Ina kula da manyan kwamfutocin ofis a Abuja, kuma abin da aiki ya koya mini shi ne ba a tsimi a kan abin da ke ɗauke da bayanai. Fim guda an kashe masa kuɗin 'yan wasa da kayan aiki da abinci da mota, a ce za a rataya shi a kan kebul ɗin da aka tsinto a aljihun teburin mai gyara? Ka sayi na kamfanin da aka sani, irin su Anker ko Ugreen ko Belkin, ka huta.

Kuma ba jan jiki ne kaɗai haɗarin ba. Akwai wani injiniyan Google, Benson Leung, wanda daga 2015 ya riƙa sayen kebul ɗin USB-C a Amazon yana gwadawa yana wallafa sakamako. Da yawa ya same su ba bisa ƙa'ida ba. A farkon 2016 wani kebul da aka haɗa wayoyinsa a juye ya lalata masa kwamfutarsa Chromebook Pixel. A shekarar ce Amazon ta hana sayar da kebul ɗin USB-C da ba su cika ƙa'ida ba. In haka ta faru a Amurka, ina ga kasuwar da babu mai dubawa?

Alhaji Mai Shago:
Malam Abu Hafsa, sunan kamfanin ma ai ana buga shi a kwalin jabu. Tsada ba ta zama shaida ba.

Injiniya:
Kowannenku da gaskiyarsa, sai dai ba a kan kebul iri ɗaya kuke magana ba. Na ƙananan rumbunan Baban Ihsan shi ne mai faffaɗan baki mai tsaga a tsakiya, wanda ake kira Micro-B. Babu wata dabara a cikinsa, waya ce da rufi kawai, kuma wanda Alhaji ya ambata na kamfanin rumbun ne da kansa, ya fi na kwali da yawa aminci. A nan ina bayan Alhaji ɗari bisa ɗari.

Na T7 kuwa USB-C ne, a nan maganar Abu Hafsa take da nauyi. Kebul mai faffaɗan kai a gefe ɗaya da USB-C a ɗaya gefen dole ne ya kasance da razista, wata 'yar na'ura mai rage gudun wuta, mai kilo-om 56 a ciki, ita ce ke shaida wa na'ura kada ta ja wutar da ta fi ƙarfin kafar. Rashin sa ta daidai shi ne babban abin da injiniyan nan ya riƙa kamawa. Don haka guda ɗayan nan, a sayi na kirki. Guda ɗaya ne, ba shida ba.

Amma a kula da wani tarko. Yawancin kebul ɗin USB-C da ke kasuwa na caji ne, gudunsu na USB 2.0 ne. Har da masu kaurin nan da aka rubuta wat 100 a jikinsu, har da wanda Apple ta sako a kwalin iPhone 15. Orijinal ne, mai kyau ne, amma ka soka shi a T7 megabayit 40 za ka samu daga abin da aka ƙera ya yi wajen 1,000. Lambar wat maganar wuta ce. Abin da za ka nema a kwali shi ne 5Gbps ko 10Gbps.

Autan Zaure:
To Injiniya, ni na ga an rubuta USB 3.2 a wani kwali. Ba shi ya fi 3.0 ba?

Injiniya:
Ba lallai ba ne Auta. Ƙungiyar da ke tsara ƙa'idar USB ta canja wa abu ɗaya suna har sau biyu. USB 3.0 da 3.1 Gen 1 da 3.2 Gen 1 duk abu guda ne, gigabit 5. Gen 2 shi ne gigabit 10. Ka bar sunan, ka duba lambar gudun.

Baban Ihsan:
Wani abokin aikina ya ce in daure in sayi kebul ɗin Thunderbolt, wai shi ne ƙarshe, zai yi wa T7 ɗin gudun da ya dace.

Injiniya:
Kada ka yi asarar kuɗinka. Thunderbolt 3 gigabit 40 ne, gaskiya ne, amma T7 ba na Thunderbolt ba ne, iyakarsa gigabit 10. Sannan Z440 ɗinka ta 2014 ce, ba ta zo da kafar USB-C ba sam, a ina za ka soka shi? Kafofinta gigabit 5 ne, don haka duk kebul ɗin da ka sa, T7 zai tsaya wajen megabayit 400 zuwa 450. Gudun haɗin ba ya wuce na wanda ya fi rauni a cikin ukun: rumbu, kebul, kafa. In kana son cikakken gudunsa, kuɗin Thunderbolt ɗin ka sayi katin PCIe mai kafar USB-C ta gigabit 10 ka sa a cikin kwamfutar, akwai ramukan kati a wadace a cikinta.

Ka kuma tambayi kanka ko kana buƙata. Kyamarori irin Sony a7 III suna ɗaukar 4K a megabit 100, wato megabayit 12 da rabi a daƙiƙa. Ko tsarin bidiyo mai nauyi na ProRes 422 HQ, na 4K mai hoto 30 a daƙiƙa, bai wuce megabayit 110 da 'yan kai ba. Ɗari huɗu ta ishe ka tacewa. Inda katin zai yi maka rana shi ne wajen kwashe kaya masu yawa cikin gaggawa.

Ɗan Damagaram:
Sannunku da ƙoƙari 'yan'uwa. Mu nan yawancin kayan nan daga Kano ake kawo mana, ba mu da damar zaɓe sosai. An ce mini a gwada da maganaɗisu, in ya kama wayar to jabu ce. Haka ne?

Injiniya:
Rabin gaskiya ce. Ka ɗora shi a tsakiyar wayar, ba a kai ba, don kan yakan kama ko na kirki ne. In ya kama tsakiyar da ƙarfi, akwai alamar baƙin ƙarfe ne aka shafa wa jan ƙarfe, ka ajiye shi. Amma in bai kama ba, ba ka tsira ba tukuna, don alminiyam da aka shafa wa jan ƙarfe shi ma ba ya kamawa, kuma shi ma ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla.

Gwajin da ba ya ƙarya shi ne ka je da laftof da rumbun. Akwai manhaja kyauta, CrystalDiskMark a Windows, masu Mac kuma Blackmagic Disk Speed Test. Cikin minti biyu za ta nuna maka lamba. Ka ga talatin da wani abu, ka mayar masa da kayansa. Sannan ka sa babban fayil yana kwafuwa, ka ɗan taɓa kan kebul ɗin a hankali ka ga ko zai yanke. Wannan da rumbun da babu aikin mutane a ciki ake yin sa.

Alhaji Mai Shago:
Duk mai shagon da ya hana ka gwadawa a gabansa, ka yi gaba. Ni soket ma na tanada don haka.

Maman Sudais:
Ni AliExpress nake gani da araha sosai. Ya kuke gani?

Abu Hafsa:
Ana samun na kirki Hajiya, musamman a shagunan kamfanonin da kansu. Illarsa biyu: makonni za ki yi kina jira, kuma ba ki da halin gwadawa kafin ki biya. In mai tallar bai rubuta gudun ƙarara ba, sai maganar saurin caji kawai, to na caji ne.

Baban Ihsan, na karɓi bayanin Injiniya a kan Micro-B. Amma har yanzu ina ganin rumbu biyar suna reto a bayan kwamfuta ba tsari ba ne ga mai aiki kullum. Z440 tana da kafofin SATA, wato na haɗa faifai a cikin kwamfuta, da gurbin faifai a ciki. Faifan da kake aiki a kansa yau da gobe ka sa shi ciki, kebul ɗin SATA kusan kyauta ne wurin masu gyara, gigabit 6 ne, kuma babu mai taka shi. In faifan suka yi yawa, abin da muke yi shi ne katin SAS na hannu, mai haɗa faifai da yawa, irin LSI 9200-8e da akwatin faifai na waje. Kebul ɗinsa guda, SFF-8088, layi huɗu yake ɗauka. Sabo yana da tsada, amma wanda aka cire daga tsofaffin manyan kwamfutocin ofisoshi yana da sauƙi, ana cin karo da su a Computer Village ta Ikeja. Wanda zai sayi irin mai rabuwa gida huɗu zuwa SATA ya tabbatar mai fita daga kati zuwa faifai ne, don akwai na akasin haka, kamanninsu ɗaya, kuma ba ya aiki a madadin wancan.

Baban Ihsan:
Na fahimta Malam, kuma zan sa babban a ciki in sha Allahu. Ƙananan ne ba yadda zan yi, yawo suke tsakanin wurin ɗaukar fim da furodusa da ni. Ko za a iya fasa gidansu a ciro faifan in bakin ya lalace?

Injiniya:
Ya danganta. Wasu in ka buɗe za ka tarar da faifan SATA ne da ɗan ƙaramin bod a bakinsa, ka zare ka sa a wani gidan. Amma ƙananan WD irin My Passport, bakin USB ɗin a jikin bod ɗin faifan yake, babu SATA da za ka koma wa. In ya karye sai mai walda ƙwararre. Don haka a gaya wa yaran da ke kai-kawo da su: kada a jefa rumbu a jaka da kebul a soke, kada a ɗaga shi ta kebul, kuma a sallame shi daga kwamfuta kafin a zare, musamman waɗanda aka yi wa fomat a kan tsarin exFAT, don shi ba ya jure yankewa a tsakiyar rubutu.

Wani abu kuma tunda muna kai: wanda linzamin kwamfutarsa maras waya ke tsalle-tsalle in ya soka rumbu, ba linzamin ne ya lalace ba. USB 3.0 na fitar da hayaniya a kusa da zangon gigahaz 2.4, Intel ta yi bayanin haka tun 2012, kuma kebul maras rufin kirki ya fi yin ta. A matsar da ɗan kan linzamin zuwa wata kafa mai nisa.

Baban Ihsan:
Jama'a na dawo da labari. Na bi shawarar Alhaji, na je da laftof wurin wani mai gyara, ya zazzage mini kwali guda na zaɓa. Rumbun da yake ba ni megabayit 38 yanzu 118 yake nunawa, kuma na bar shi yana kwafa tun azahar har magariba a kafar baya bai yanke ba. Da na haska wancan mai jan jikin kuwa, haƙora huɗu ne cif, da shuɗiyar robarsa. Na T7 na sayi na kamfani guda ɗaya mai 10Gbps a rubuce, yana ba ni 430. Duka kuɗin bai kai na biyu daga cikin na kwalin da aka fara nuna mini ba. Allah ya saka wa kowa. Saura katin, Injiniya wanne zan nema?

Injiniya:
Madalla. Ka nemi wanda ƙwaƙwalwarsa ASMedia ASM3142 ce, Windows 10 na gane shi da kansa. Ka sa shi a ramin PCIe mai layi huɗu ko fiye, ba ɗan guntun ramin nan ba, in ba haka ba gudun zai ragu. Wasu katunan suna da bakin wutar SATA a bayansu, in naka yana da shi ka haɗa, kada ka bar shi haka. Sai ka nemi kebul mai USB-C a kai biyu, na gigabit 10, wanda bai wuce mita ɗaya ba. In ka haɗa ka turo mana lambar da ya nuna, ya kamata ta haura 900.